Garin Silima na Darakta Gimba

Ranar Talata, sha ɗaya ga Janairu, 1983, Gimba ya ajiye aikinsa na yaga tikiti a ƙofar gidan silima, ya zo har gindin mangwaron da muke zama a bayan layin dogo, ya shaida mana cewa Minna ta yi masa kaɗan. Na riƙe kwanan watan ne saboda sabo. Shekara talatin da ɗaya na yi ina akawu a tashar jirgin ƙasa, kuma wanda ya tsufa yana rubuta lokacin isowar jirgi ba ya barin abu ya wuce haka nan.

Mu uku ya tarar. Da ni Irimiya, da Barira mai waina, da Ndanusa kafinta, Banufe mai ƙarancin magana. Gimba ya warware wata tsohuwar kalanda a kan bencin Ndanusa. A jiki akwai hoton wani titi mai gidajen katako, da mutane masu manyan malafuna, da wani ɗan jirgi cike da Turawa suna daga hannu.

"Kun san nan?" in ji shi. "Garin Silima ke nan, a Amurka. Ba zama mutum yake yi yana kallon bango kamar ku ba. Da ƙafarsa yake shiga fim. Na gani da idona."

Barira ta juya waina ba ta ko ɗago ba. "Da idonka a ina, Gimba? Iyakar tafiyarka Ikko, a bayan motar doya, kwana tara."

"To Ikko ba hanyar Amurka ba ce?"

"Ni ma ƙofar gidana hanyar Makka ce, amma ba a ce mini Hajiya."

Gimba ya naɗe kalandarsa, ya ce daga ranar Darakta ne sunansa, kuma kafin damina Minna za ta sami nata Garin Silima, har mutanen Kaduna su riƙa cika jirgi suna zuwa kallo.

Fili yake bukata, kuma filin da ya dace na surukinsa ne, Baba Shekwolo, wata gonar doya a gefen gari wadda gine-gine ba su kai ga cinyewa ba tukuna. Akwai tsohuwar magana tsakaninsu. A al'adarmu ta Gbagyi, wanda ya auri 'yar mutum yana yi wa uban noma. Gimba ya auri Sara shekara shida, bai taɓa riƙe ƙotar garma ba. Shekarar farko ciwon baya, ta biyu aikin silima, ta uku likita ya hana shi sunkuyawa, sauran ukun kuma bai ko wahalar da kansa neman dalili ba.

Ya ɗauke ni shaida muka je. Baba Shekwolo yana zaune yana gyaran irin doya, ya saurari bayanin Amurka daga farko har ƙarshe.

"Gonar ba ta aikin komai sai ruwa ya sauka," in ji shi. "Ka yi wasanka."

Da Gimba ya yi godiya ya tashi a nan, da ya tsira. Amma bakinsa bai san inda ake tsayawa ba.

"Ba wasa ba ne, Baba. Babban mutum daga gwamnati zai zo ya buɗe wurin nan ya yaba a gaban jama'a. In ya yaba, fili ya zama na Garin Silima har abada. In bai yaba ba kafin ruwan farko, ni Gimba, in ɗauki garma in yi maka noman shekara shidan nan da hannuna."

Baba Shekwolo ya ajiye wuƙarsa. "Akawu, ka ji?"

"Na ji."

"Rubuta."

Na rubuta, suka dangwala hannu su biyun.

Aikin farko da Darakta ya ba ni shi ne allon tarihi. Ya ce Bature ba ya zuwa wurin da ba shi da tarihi, don haka a kafa allo a bakin ƙofa. Na yi murna, domin filin yana da tarihinsa na gaskiya. A nan motar majigi ta gwamnatin Turawa take tsayawa a shekarun hamsin, a kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, a nuna wa jama'a yadda ake haƙa masai da yadda ake feshin auduga. A nan na fara kawo marigayiya matata Helen kallo, ta rufe ido da aka nuno sauro ya cika ƙyallen, girmansa kamar sa.

Na rubuta wannan, ban da zancen Helen. Gimba ya karanta ya yamutsa fuska.

"Masai, Baba Akawu? Masai za mu sa a ƙofar Garin Silima? Goge. Rubuta: A nan aka fara nuna fim a duk Afirka ta Yamma, a 1914."

"Ba haka aka yi ba."

"Kana nan a 1914?"

"An haife ni a 1917."

"To ka ga ba ka da shaida."

A makarantar mishan an koya mana cewa ƙarya zunubi ce, an kuma koya mana cewa rubutu ya miƙe a kan layi. Na rubuta abin da ya ce, na ƙara "in ji Darakta" da ƙananan baƙaƙe a ƙasa. Bai lura ba.

Ndanusa ya kama aiki da tsofaffin akwatunan kaya da langa-langa daga bayan tasha. Gimba ya kasa filin gida uku, bisa fina-finan da mutanen Minna suka sani: na Kaboyi, na Indiya, da na Canis masu faɗa da hannu.

Garin Kaboyi gidaje biyar ne a jere, amma fuska kawai suke da ita. A baya ba ɗaki, ba rufi, sai sandunan tokara. Tagogi da ƙofofi duk da fenti aka zana su, ban da ƙofa ɗaya tak mai buɗewa, ta gidan tsakiya da aka rubuta wa BANKI. Barira ta zagaya ta leƙa bayan.

"Gidajen nan sun yi kama da mai su," ta ce. "Gaba tsaf, baya wayam."

Aka zo batun doki. Gimba ya tafi kasuwar Beji da sassafe, ya dawo da azahar yana jan jaki.

"In mutum ya tsaya nesa, doki ne," in ji shi.

"In ya tsaya can garin Paiko," in ji Ndanusa.

Gimba ya ce a fim ba dabba ake kallo ba, mahayi ake kallo. Ya daka tsalle don ya nuna mana yadda kaboyi ke hawa ba tare da ya taɓa likkafa ba. Jakin ya matsa taku ɗaya. Muka ɗaga Darakta daga ƙasa muka kaɗe masa riga. Ya ce wannan ita ce faɗuwar da ake koya wa manyan 'yan wasa, ba kowa ya iya ta ba.

Gidan Canis rumfa ce da katako a kan bulo biyu, Darakta zai sare shi gida biyu da gefen hannu. Asirin abin, Ndanusa zai yi wa katakon zarto ta ƙasa har ya kusa rabuwa. Ranar gwaji mutanen unguwa suka taru. Gimba ya ɗaure kai da jan ƙyalle, ya yi wani ihu irin na kyanwar da aka taka wa wutsiya, ya kai sara.

Katakon bai motsa ba. Gimba ma bai motsa ba, na ɗan lokaci. Sannan ya tusa hannun a hammata ya shiga zagaye rumfar da gudu.

"Ndanusa! Ba ka yanka ba?"

"Na yanka, Darakta. Ga shi can a jingine. Wannan da ka ɗauko na benci ne, icen maɗaci."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kana ihu. Na ɗauka cikin wasan ne."

Hannun ya kumbura kamar gwaza. Sara ta kai shi wurin mai ɗori, aka ce ba karaya, targaɗe ne. Ya dawo yana gaya wa mutane cewa katakon ya tsage ta ciki, ido ne ba ya gani.

Dutsen Indiya kuwa wani ƙaton suri ne, gidan gara, a ƙarshen gonar, da bishiyar gwanda a gefensa. Tsarin shi ne saurayi da budurwa su riƙa zagaya gwandar suna waƙa, ruwan sama yana zuba a kansu daga wata durom da aka ɗora a kan dandamali aka huhhuda mata gindi. Gimba ne saurayin. Budurwa ya rasa.

"Ni?" in ji Sara. "Ni da nake ma'ajin Zumuntar Mata, in zagaya gwanda a jiƙe ina kaɗa ƙugu? Ran Lahadi in zauna a wane benci a coci?"

"Fasaha ce, uwargida."

"Fasahar ta tsaya a gidanku."

Ya juya wajen Barira. Ta ɗaga masa cokalin juya waina, bai ma ƙarasa tambayar ba. Daga ƙarshe ya yanke shawara zai yi duka biyun. In yana gefen dama na gwandar namiji ne, in ya ɓullo ta hagu ya yafa gyale ya siranta murya.

Aka buɗe durom ranar gwaji, ruwa ya sauka a kan surin. Gimba ya zagaya sau biyu lafiya. A zagaye na uku sai gara ta ɗauka damina ce ta gaske, shinge, wato gara mai fiffike, ya fara fitowa daga ramuka, dubu bisa dubu, ya rufe Darakta da gyalensa. Mata suka watse da gudu, muka ɗauka tsoro ne. Ashe kwanuka suka je ɗaukowa. Nan da nan aka kewaye surin ana kamun shinge, ana ture jarumin Indiya gefe.

Baba Shekwolo yana tsaye da hannu a baya. Ya dubi sama, ya dubi surin.

"Gara ta ce ruwan farko ya sauka."

"Na durom ne, Baba! Baba Akawu, duba takarda, ba a ce na durom ba!"

Na duba. Ba a ce na durom ba. Baba Shekwolo ya gyaɗa kai ya ce ba ya sauri.

Saura babban wasa, wanda za a rufe taro da shi a Garin Kaboyi. Gimba ya tara mu ya yi mana darasi, ko da yake duk wanda ya taɓa shiga silima a Minna ya san abin. Kowane fim mutum biyu ne: akta da bos. Akta shi ne jarumi, ba ya mutuwa ko an harbe shi sau goma. Bos shi ne mugu, mai ƙaton ciki da baƙin tabarau, kuma ƙarshensa duka. A gidan silima, da bos ya fito a bango sai ihu da zagi da jifa da ɓawon rake.

"To a Garin Silima," in ji Gimba, "ba bango za a jefa ba. Bos na gaske zai fito daga Banki. Da an ce 'Ga bos nan!' kowa ya jefe shi da ruɓaɓɓen mangwaro. Sai ni in ɓullo a kan doki in zarga masa igiya."

"Wa zai yi bos ɗin?" in ji Barira.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. A Minna ba wanda zai yarda a kira shi bos na silima, domin sunan ba ya fita daga jikin mutum har jikokinsa. Gimba ya kwana uku yana lallashin Ndanusa, ya yi masa alkawarin muƙamin Mataimakin Darakta. Aka sa masa baƙar kwat, aka cusa masa matashin kai a ciki, aka ba shi baƙin tabarau da sanda. Lokacin mangwaro ne, ruɓaɓɓe ko'ina a ƙasa, aka cika kwanduna.

A gwaji wani makanike ya rasa ruɓaɓɓe ya ɗauki ɗanye. Ndanusa ya koma gida da ƙulu a goshi.

Wasiƙar gayyata ni na rubuta, Gimba yana faɗa. Ya kira wurin "cibiyar yawon buɗe ido ta farko a jihar nan", ya ce tana da sassa uku da tarihin shekara sittin da tara. Na tabbata ba za a amsa ba. Bayan mako biyu sai ga amsa daga wata ma'aikata, cewa wani babban jami'i, Alhaji Sanda, zai zo ranar Asabar, tara ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma. Gimba ya zagaya unguwa da takardar a manne a ƙirji. Da ya zo wajen surukinsa ya karanta masa sau biyu.

"Baba, garmar nan a ba wani. Kada tsatsa ta ci ta."

"Tana rataye," in ji Baba Shekwolo. "Ba ta ƙorafi."

Ranar Asabar tun ƙarfe uku fili ya cika. 'Yan tasha, makanikai, matan kasuwa, har wasu daga Paiko da suka ji labarin shinge suka zo da kwanuka. Hadari ya ɗan taso ta gabas, Gimba ya ce kada kowa ya kalle shi, kallo ne ke ba shi ƙarfi. An jera kujeru uku a bakin babbar ƙofa kusa da allon tarihi, an ɗaura zare da za a yanka.

Ƙarfe huɗu ba baƙo. Huɗu da rabi ba baƙo. Jama'a suka fara gunaguni, rana tana dukansu. Gimba ya sa aka raba mangwaro don a kwantar da hankali, kowa ya riƙe biyu ko uku. Ya hau tebur da lasifika ya maimaita musu doka.

"In kun ji me?"

"Ga bos nan!"

"Sai me?"

"Jifa!"

"Kada wanda ya tausaya masa! In ya ce ku bari, cikin wasan ne. In ya ce shi babban mutum ne, cikin wasan ne!"

Biyar saura kwata ya ce ba za a ƙara jira ba, za a ɗan ɗanɗana wa jama'a wasan Kaboyi kafin baƙo ya iso. Ya tura Ndanusa bayan Banki ya shirya. Shi kuma ya ja jaki bayan rumfar Canis, ya hau a hankali wannan karon, ya jawo malafa har kan hanci.

Abin da ya faru a bayan Banki ban gani ba, daga bakin Ndanusa na ji. Ya zauna a kan bulo, ya shafa goshinsa, ya dubi kwat da matashin kai, ya ajiye su gefe. Yana nan zaune sai ga baƙar mota ta biyo hanyar bayan gona, domin direban ya ga taro ya toshe ta gaba. Direban tsohon soja ne, Kofur Kyauta, mai murya kamar ta jirgin kaya. Ya buɗe wa maigidansa ƙofa. Alhaji Sanda ya fito: mutum mai jiki, cikinsa ya riga shi gaba, da baƙar kwat irin ta safari, da baƙin tabarau, da sandar girma a hannu.

Ya dubi sandunan tokara da bayan langa-langa. "Malam, ina hanyar shiga cibiyar?"

Ndanusa ya durƙusa ya gaishe shi. "Ranka ya daɗe, a duk garin nan ƙofa ɗaya ce mai buɗewa. Ga ta nan."

Na tambayi Ndanusa sau uku a shekarun da suka biyo baya ko ya san abin da yake yi. Kowane karo amsarsa ɗaya: an tambaye shi ƙofa, ya nuna ƙofa.

Kofur Kyauta ya banko ƙofar Banki, ya ga mutum ɗari uku sun zuba masa ido. Ya yi abin da yake yi kullum a ƙofar ofis in maigidansa zai wuce. Ya ƙame, ya cika ƙirji.

"Ku ba da hanya! Ga bos nan!"

Ni kaɗai a wurin na taɓa aikin ofis har na san cewa a can bos maigida ne. Na miƙe na ɗaga hannu. Muryar ɗan shekara sittin da shida ba ta kai ko'ina ba.

Mangwaro na farko ya sami Alhaji Sanda a ciki. Na biyu ya tafi da hula. Daga nan ban iya ƙirgawa ba. Alhaji Sanda ya ɗaga sanda yana cewa, "Kai! Kai! Ku bari!" Jama'a suka yi shewa.

"Wallahi Ndanusa ya iya!" in ji wata mata. "Dubi cikin, kamar na gaske!"

"Kun san ko ni wane ne? Ni babban jami'in gwamnati ne!"

"Cikin wasan ne!" taro ya amsa baki ɗaya, aka ƙara ruwan mangwaro.

Kofur Kyauta ya shiga gaban maigidansa ya baje hannuwa. Wani ya yi ihu, "Yaron bos ne, a haɗa da shi!" Aka haɗa da shi.

Sai ga Darakta. Jakin da bai taɓa yarda ya yi gudu ba tun zuwansa daga Beji, wani mangwaro ya same shi a kunne, ya zabura. Gimba ya ɓullo a sukwane, malafa ta rufe masa ido, yana wulwula igiya da hannun hagu tunda na dama bai warke ba. A gwaji sau goma sha ɗaya ya jefa igiyar nan bai taɓa kama ko turmi ba. Ranar ta faɗa daidai, ta zarge Alhaji Sanda da sandarsa.

"Bos, kwananka ya ƙare!"

Jakin bai tsaya ba. Ya bi ta tsakanin Banki da gidan kusa, igiya ta ja Alhaji, Alhaji ya rungumi ƙofa, ƙofa ta ja Banki. Gidajen biyar Ndanusa ya haɗa su da katako ɗaya ta sama, don ƙarfi. Suka kwanta a jere, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar masu gaisuwa.

Da ƙura ta lafa, abin da kowa ya fara gani shi ne baƙar mota mai lambar gwamnati. Na biyu kuma Ndanusa, zaune a kan bulo cikin rigarsa ta aiki, kwat da matashin kai a gefensa.

Wurin ya yi tsit. Aka riƙa jin mangwaro yana faɗuwa daga hannun mutane.

Kofur Kyauta ya kwance maigidansa. Barira ce ta yi ƙarfin hali ta kawo ruwa a buta da tsumma. Alhaji Sanda ya wanke fuska, ya cire tabarau ya duba, ido ɗaya ya fita. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan.

"Wane ne mai wurin nan?"

Gimba ya taso daga inda jaki ya zubar da shi. Kofur Kyauta ya riga ya fara naɗe hannun riga. Gimba ya dubi kofur, ya dubi motar, ya cire malafa ya ɓoye ta a baya.

"Wane wuri, ranka ya daɗe?"

"Cibiyar. Ina Daraktan da ya rubuto mana?"

"Ai nan gona ce, ranka ya daɗe. Gonar doya. Ta surukina ce, ga shi can."

Baba Shekwolo ya matso a hankali ya gaida baƙo. Ya ce gaskiya ne, gonarsa ce, tun kakansa.

"Kai kuma fa?" in ji Alhaji Sanda. "Kai wane ne a nan?"

"Ni? Manomi ne kawai. Noman suruki nake yi masa, bisa al'ada."

"Manomi a kan jaki da igiya?"

"Jakin ne ya tsinke, ranka ya daɗe, na bi shi."

Barira ta toshe baki da gefen zane. Sara ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Nuna mini hannunka."

Gimba ya miƙa na daman, wanda har yanzu yake a kumbure. "Ka gani, ranka ya daɗe. Garma ce."

Alhaji Sanda ya daɗe yana kallon hannun. Ya dubi gidajen da ke kwance, ya dubi durom a kan dandamali, ya dubi jan ƙyallen Canis da ke leƙowa daga aljihun manomin. Ba a zama babban jami'i da wauta.

"Baba," ya ce da Shekwolo, "manominka ne?"

"Yanzu ya faɗa a gaban mutane, ranka ya daɗe."

"To madalla. In na sami Daraktan nan, a ofishin 'yan sanda zai ƙarasa fim ɗinsa. Amma manomi ba ruwana da shi, gwamnati ma noma take so a koma. Kofur, ka gane gonar?"

"Na gane ta, bos." Wasu suka sunkuya da jin kalmar, don sabo.

"Duk ranar Asabar ka biyo ta nan. In ka ga mutumin nan da garma, manomi ne, ka yi masa sannu da aiki. In ka gan shi ba garma, Darakta ne, ka ɗauko mini shi."

Ya shiga mota, yana warin mangwaro. Ba a yanka zaren ba. Na kwance shi na naɗe, don na Helen ne, daga akwatin ɗinkinta na ɗauko.

Jama'a suka watse da sauri, kowa yana rantsuwa cewa nasa bai sami Alhaji ba. Iska ta taso, aka fara yayyafi, na gaske. Gimba ya matso kusa da surukinsa, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, maganar da na yi ɗazu, ai ka san dabara ce. In aka duba da kyau, bai ce bai yaba ba. Har madalla ya ce. Baba Akawu, ba ka ji ya ce madalla ba?"

"Na ji. Da noma yake."

Baba Shekwolo ya tara tafin hannu, ɗigon ruwa ya sauka a ciki, ya nuna wa Gimba.

"Wannan na durom ne?"

"A'a, Baba."

"To Litinin da sassafe. Ka fara ta wajen suri, ƙasar can ta fi tauri, gara a gama da ita da ƙarfin safe."

"Litinin? Ai kofur Asabar aka ce masa ya riƙa zuwa."

"Asabar ta gwamnati ce," in ji Baba Shekwolo. "Sauran biyar ɗin nawa ne."